Wa Ya Dogara Da Wa? Aikin Gyaran Direbobin Ma'ajiyar Kwamfuta

Duk wanda ya zaga kasuwar Batsari, ko ta Runka a ƙasar Safana, da wuya ya rasa ganin wata 'yar rumfa inda saurayi ke zaune gaban kwamfuta, jama'a na miƙa masa waya ko memori domin ya tura musu wa'azi ko fim ko waƙa. Memorin nan bai wuce girman farcen yatsa ba, amma yana iya ɗaukar rubutun da ya fi na dukkan littattafan da ke ɗakin karatun makarantar sakandare. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, Batsari da Safana kuwa suna cikinsu. A tsawon makonnin da aka yi babu layi, abin da mutum ya riga ya ajiye a wayarsa shi ne kaɗai abin da yake da shi. Ɗalibin da memorinsa ya lalace a lokacin, ba shi da inda zai sake sauko da darasinsa.

To, ta yaya fayil ke tashi daga kwamfuta ya shiga cikin memori lafiya, kuma ya fito yadda aka sa shi? A tsakani akwai wasu ƙananan manhajoji da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira direbobi. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan waɗannan direbobi na ma'ajiya, da yadda suke dogara da junansu, da kuma wani aiki mai cin rai da masana suka daɗe suna yi, watau share dogaron da ba shi da tushe da kuma rubuta wanda aka manta.

Mene ne direba?

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android ko Linux. A tsakiyar babbar manhaja akwai ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da ƙarfe da wayoyin lantarki, wanda za mu kira ƙwaya. Ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ita ce a cikin Android. Ke nan duk wayar Tecno ko Itel ko Infinix mai Android tana ɗauke da ita, haka nan na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da ita a rumfunan zaɓen 2023. Za mu fi kawo misali da Linux domin rubutunta a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya ga yadda aka yi gyara da wanda ya yi shi.

Sunan direba yana iya ruɗar mai karatu, domin aikinsa ya fi kama da na tafinta. Ƙwaya tana magana da harshe ɗaya, ita kuwa kowace na'ura tana da nata harshen, sai direba ya tsaya a tsakani yana fassara. Saƙon ma ba ya sauka kai tsaye. Yana bin hawa-hawa ne, kamar yadda umarni ke tasowa daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Hawa na sama shi ne tsarin fayil, wanda ya san sunan kowane fayil da inda aka aje shi. Na ƙarƙashinsa bai san suna ba sam, abin da ya sani kawai gutsattsari ne masu lamba, kowanne a al'ada bayit 512. Can ƙasa kuma sai direba, wanda ya san yadda ake gaya wa wannan na'urar ta musamman ta rubuta gutsure mai lamba kaza. A farkon 2025 rubutun ƙwayar Linux ya zarce layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa direbobi ne.

Ga wani abin mamaki. Filash ɗin da ake sokawa a kafar USB, umarnin da yake ji shi ne na SCSI, wani tsari da aka daidaita a Amurka tun 1986 domin manyan faya-fayan ajiya na wancan zamani. Saboda haka direban filash ba ya aiki sai an haɗa shi da sashen SCSI, ko da kuwa mai kwamfutar bai taɓa ganin na'urar SCSI da idonsa ba. Wannan shi ake kira dogaro: wani abu ba ya tsayawa sai da wani. Dogaron filash a kan SCSI na gaskiya ne, ba a taɓa shi. Matsala tana tasowa ne inda abin da aka rubuta ya saɓa wa abin da ke akwai.

Dogaro a lokacin gini

Ba a zuba dukkan direbobin duniya a cikin kowace waya. Kamfanin da zai gina ƙwaya domin wata na'ura yakan zaɓi abin da yake bukata ne daga cikin zaɓi sama da dubu goma. Tsarin da ke kula da wannan zaɓi sunansa Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka shigar da shi a 2002. A ƙarƙashin sunan kowane direba akwai 'yan layuka da ke cewa ya dogara da kaza da kaza. Idan babu waɗannan, tsarin ba zai ma nuna direban a jerin zaɓi ba.

Kuskure a nan iri-iri ne. Wani lokaci sharaɗin yakan yi sako-sako. Alal misali, sashen da ke karanta memori a cikin ƙwaƙwalwar MediaTek ba a samunsa ko'ina sai a kayan MediaTek. Idan ba a rubuta haka ba, mai gina ƙwaya domin kwamfutar tebur za a tambaye shi ko yana son wannan direba, shi kuwa bai sani ba sai ya ce i. Direba ɗaya ba komai ba ne, amma in an tara ɗaruruwa sai ƙwaya ta kumbura da kayan da ba za su taɓa aiki ba, kuma kowane layin banza wuri ne da kuskure ko ɓarawon intanet zai iya laɓewa. Geert Uytterhoeven, wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi suna wajen aika irin waɗannan ƙananan gyare-gyare, wani ma layi ɗaya tak.

Wani lokacin kuma sharaɗin yakan yi tsauri fiye da kima. Idan aka ce direba ba ya ginuwa sai a kan na'ura iri ɗaya da ba kowa ke da ita ba, to, ranar da wani ya canza wani abu a tsakiyar ƙwaya, ba wanda zai lura cewa direban ya karye, sai bayan wata da watanni. Domin warware wannan aka ƙirƙiro wani zaɓi mai suna COMPILE_TEST a 2013. Ma'anarsa ita ce, a ɓoye direban ga mai gini na yau da kullum, amma a bar mai gwaji ya gina shi ko'ina domin ya ga ko yana da lafiya. Akwai kwamfutoci, musamman na kamfanin Intel, da ke kwana suna gina ƙwaya da zaɓi na kacici-kacici, duk inda gini ya rushe sai su aika wa masu abin da wasiƙa.

Mafi haɗari shi ne umarni na biyu da Kconfig ke da shi, wanda ke cewa: in an zaɓe ni, a jawo wane tare da ni. Wannan umarni ba ya tsayawa ya duba ko shi wanen yana da nasa sharuɗɗan. Kamar a ce an gayyato mai injin niƙa gari zuwa ƙauye dole, ba a tambaya ko akwai mai a garin ba. Injin ya zo, amma ba ya tashi. Yawancin aikin shara a wannan fage shi ne bin irin waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: shin wannan jawowar ta zama dole?

Akwai kuma dogaron da ba a taɓa rubutawa ba domin kowa ya ɗauka haka duniya take. Ƙwaƙwalwar Intel da aka gina kwamfutar IBM ta 1981 a kanta tana da wasu ƙofofi na musamman guda 65,536 da ake magana da na'urori ta cikinsu. Tsohon faifan ajiya, alal misali, ana samunsa a ƙofa ta 496 zuwa ta 503. Direbobi masu yawa an rubuta su da zaton cewa ƙofofin nan suna nan a kowace kwamfuta. Alhali kuwa manyan injunan IBM da bankuna ke amfani da su ba su da irinsu ko kaɗan. Daga 2023 Niklas Schnelle na kamfanin IBM ya bi sassan ƙwaya yana saka wa irin waɗannan direbobi sharaɗi mai suna HAS_IOPORT, domin abin da ya kasance zato ya zama rubutaccen abu.

Direba biyu, faifai ɗaya

Babban misali na wannan aiki shi ne labarin IDE. A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq suka fito da wannan hanya ta haɗa faifan ajiya da kwamfuta. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar kwamfutar tebur 'yar kwatano, irin waɗanda suka cika ɗakunan kwamfuta na makarantu, zai tuna da wata faffaɗar igiya mai kama da ɗamara. Ita ce igiyar IDE, mai fil 40, tana ɗaukar faifai biyu. Linux ta daɗe da nata direban na IDE, kuma faifan farko a ƙarƙashinsa ana kiransa hda.

Da sabon tsari na SATA ya bayyana, sai Jeff Garzik ya rubuta masa sabon sashe mai suna libata wajen 2003. Dabararsa ita ce ya sa faifan ya yi shigar SCSI, domin a ci moriyar tsohon sashen da ya riga ya ƙware wajen jera buƙatu da magance kuskure. A 2006, da ƙoƙarin Alan Cox na Birtaniya, libata ya koyi tuƙa tsofaffin faya-fayan IDE su ma. Daga nan aka wayi gari da direbobi biyu masu aiki ɗaya. Duk gyaran da aka yi a hawa na sama sai an yi wa kowannensu, in kuma aka gina su tare, wanda ya riga kama faifan shi ke raɗa masa suna: tsohon ya ce hda, sabon ya ce sda.

Wannan canjin suna ya tona wani ɓoyayyen dogaro. Mutane da yawa sun rubuta sunan hda a cikin fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta inda za ta sami kayanta in ta tashi. Da suka sabunta manhaja sai kwamfuta ta nemi hda ta rasa, ta tsaya cik, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Maganin da aka samo shi ne a daina kiran faifai da sunan kafar da aka soka shi, a riƙa kiransa da wata doguwar lamba tasa ta kansa da aka rubuta a jikinsa. Ɗalibi zai gane bambancin in ya kwatanta wanda ake nema da cewa yaron da ke zama a benci na uku, da wanda ake nema da lambar jarrabawarsa.

Me ya hana a goge tsohon direban tun a 2006? Abin da ya hana shi ne waɗanda suka dogara da shi. Akwai tsofaffin kwamfutoci irin su Amiga da Atari da har yanzu wasu ke riƙe da su a Turai, kuma libata bai san su ba. Sai da Bartlomiej Zolnierkiewicz ya rubuta musu sababbin direbobi tsakanin 2017 da 2019. A 2019 Christoph Hellwig, wani Bajamushe, ya sa ƙwaya ta riƙa buga gargaɗi cewa za a cire tsohon direban a 2021. Haka kuwa aka yi: Linux 5.14, wadda ta fito a ƙarshen watan Agusta na 2021, ta zo babu shi, an share dubun-dubatar layuka a gyara guda. Shekara 15 ke nan ana shiri kafin a sa fartanya.

A ganina wannan jinkiri daidai ne, kuma mu ne muka fi cin ribarsa. Kwamfutar da aka yi wa ritaya a Landan ko Dubai, sau da yawa a Kano ko Katsina take fara sabuwar rayuwa. Da a ce an goge direban ba tare da an tanadi madadinsa ba, da makarantun da ke da irin waɗannan injuna ne za su kwana ciki. Yanzu kuwa faifan IDE yana nan yana aiki a ƙarƙashin libata. Ba kowane direba ke samun wannan gata ba. A 2019 Torvalds ya ayyana direban filofi, wancan faifai mai ɗaukar megabayit 1.44, a matsayin maraya, domin mai kula da shi ba shi da sauran na'ura mai aiki da zai gwada gyara a kanta. An yi sa'a wani masani, Denis Efremov, ya karɓi riƙonsa.

Dogaro a lokacin aiki

Duk abin da muka faɗa a baya ya shafi gini ne. Akwai wani dogaron da ke faruwa duk lokacin da aka kunna waya ko aka kashe ta, kuma shi ne ya fi kusa da mai memori a Batsari.

Sashen da ke karanta memori ba ya tashi shi kaɗai. Yana bukatar wuta mai ƙarfin bolt 3.3, wadda wani ɗan sashe mai daidaita wuta ke ba shi, kuma in memorin mai sauri ne akan sauke ƙarfin saƙonninsa zuwa bolt 1.8. Yana bukatar agogo, watau bugun lantarki da ke tsara lokaci: ana fara gaisawa da memori da bugun da bai wuce 400,000 a daƙiƙa ba, in sun fahimci juna sai a ɗaga zuwa miliyan 25 ko 50 ko fiye. Shi ma mai daidaita wutar yana da direbansa, kuma ana magana da shi ta wata hanya da ita ma ke da nata direban. Kamar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ce: famfo na jiran tanki, tanki na jiran inji, inji na jiran faranti.

A da, ana magance wannan ne ta hanyar jera direbobi da hannu, wane kafin wane. Da wayoyi suka yawaita, kowace da nata tsarin, sai abin ya gagara. A 2012 Grant Likely ya kawo wata dabara mai sauƙi: direban da ya tashi ya tarar abin da yake bukata bai iso ba, sai ya ce a dawo masa an jima, ƙwaya ta sa shi a layin jira ta sake gwada shi bayan wani direban ya kammala. Dabarar ta yi aiki, sai dai tana da gibi. Ta gyara kunnawa, amma ƙwaya ba ta san takamaimai wa ke jiran wa ba, saboda haka ba ta da tabbacin jerin da ya dace a lokacin kashewa ko lokacin da waya za ta yi barci.

A nan ne asara take. Kwamfuta ba ta rubuta komai a memori nan take, takan tara shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta riƙa sauke shi a hankali domin sauri. In aka yanke wa memori wuta yana tsakiyar rubutu, ba fayil ɗaya kaɗai ke iya lalacewa ba, har da jadawalin da ke nuna inda sauran suke. Wannan ne ya sa ake cewa a sallami filash ko memori ta cikin manhaja kafin a zare shi, shi ya sa kuma ɗaukewar wuta ko mutuwar janareta ke yi wa kwamfutar tebur illa. Tilas ne mai amfani da wuta ya gama aikinsa kafin mai ba da wuta ya rufe. A 2017, cikin Linux 4.10, aikin Rafael Wysocki na kamfanin Intel ya ba ƙwaya hanyar rubuta alaƙa a fili tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, ta yadda za ta tayar da mai bayarwa da farko, ta kuma kwantar da shi a ƙarshe. Daga baya Saravana Kannan na kamfanin Google ya sa ƙwaya ta riƙa gano waɗannan alaƙoƙi da kanta daga bayanin da masu ƙera waya ke rubutawa game da kayan cikinta.

Akwai kuma wani kulli mai ban dariya. Direban da zai karanta faifai, shi kansa a cikin faifan yake zaune. To, wa zai ɗauko shi? Hanyar da ake bi ita ce a ɗaure muhimman direbobi a wani ɗan ƙunshi da ake lodawa tare da ƙwaya tun kafin a buɗe faifan. In jerin dogaro ya yi kuskure aka manta da ɗaya daga cikinsu, kwamfuta ba za ta tashi ba. Masu gyaran kwamfuta sun san ɗan'uwan wannan a Windows: a cire faifai daga wata kwamfuta a sa a wata mai tsarin daban, sai shuɗin allo ya fito da lambar 7B, ma'ana ba a iya kaiwa ga faifan tashi ba.

Gwaji a cikin aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan da alli da allo kawai. A rubuta sunaye biyar: memori, mai karanta memori, mai daidaita wuta, hanyar magana da shi, da agogo. A ja kibiya daga kowanne zuwa abin da ya dogara da shi. Sa'an nan a nemi wanda babu kibiyar da ta fita daga gare shi, a rubuta shi a matsayin na farko, a goge shi tare da kiban da suka nufo shi, a sake nema. Jerin da ya fito shi ne jerin kunnawa, in an karanta shi daga ƙarshe kuma shi ne jerin kashewa. Wannan hanya Arthur Kahn ya bayyana ta a 1962.

Bayan nan sai malami ya ƙara kibiya guda, daga agogo zuwa mai daidaita wuta, tun da agogon shi ma wuta yake ci. Yanzu agogo na jiran mai daidaita wuta, mai daidaita wuta na jiran hanyar magana, hanyar magana na jiran agogo, kuma babu wanda za a iya gogewa. Irin wannan da'ira tana faruwa a wayoyi na gaske, shi ya sa aikin Kannan ya haɗa da gano ta. Sai a tambayi ɗalibai: a cikin kiban nan uku, wacce ce za a iya sassautawa, in aka tuna cewa akwai sassan da ke samun wuta tun daga lokacin da aka danna makunnin waya, kafin kowane direba ya farka?